Yadda Za Ki Bi da Yaro Mai Yawan Rigima da Birgima

Ɗan ƙanwata ya yi shekara guda a hannuna lokacin yana da shekara 4. Kullum ta Allah, daga la'asar sakaliya zuwa kiran magariba, sai ya ɗaga gidan. Abin da ke jawowa ba ya taka kara ya karya: an zuba masa kunu a kofin da ba nasa ba, ko an ce ya cire takalmi kafin ya hau tabarma. Sai ya zube ƙasa ya hau birgima, yana buga ƙeya da siminti, duk wanda ya kai hannu ya sha cizo. Har maƙwabta sun san lokacinsa. Wannan ta ce sangarta ce, waccan ta ce a karɓo rubutu, surukata kuwa ta ce tsumagiya ce ba ta ratsa shi ba. Duka mun gwada, har da dukan, yaro sai abin da ya yi gaba.

Abin da ya fid da mu wasu 'yan matakai ne da ba sa cin kuɗi, haƙuri suke ci. Su ne kuma ƙashin bayan tsare-tsaren horar da iyaye da masana halayyar yara ke koyarwa, irin su Triple P da ya samo asali daga Jami'ar Queensland a Ostareliya. Sun fi dacewa da ɗan shekara 2 zuwa 7. Da uwa nake magana, amma maigida ma ya karanta, rabonsa na ciki.

Ki sani tun farko, birgima tsakanin shekara 1 da rabi zuwa 4 ba ciwo ba ce. Yaro ya fara sanin abin da yake so, bakinsa bai kai ya faɗa ba, zuciyarsa ba ta iya jira ba. Galibi kafin minti 15 ya huce ya koma wasansa. Wadda ake damuwa da ita ita ce mai zuwa sau da yawa a yini, mai daɗewa, wadda yaro ke ji wa kansa ko wani ciwo, ko wadda ta bi shi har ya haura shekara 5 ba ta sassauta ba.

Mataki na 1: Duba jikinsa kafin ki duba halinsa

Ƙaramin yaro ba ya cewa "barci bai ishe ni ba" ko "kunnena na ciwo". Rigima ce bakinsa.

Fara da barci, ki ƙirga shi da agogo. Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, ɗan shekara 3 zuwa 5 kuma awa 10 zuwa 13, har da na rana. Yaron da ke zaune cikin hirar manya har 11 na dare, a tashe shi 6 na safe don makaranta, bashin awa 3 ko fi yake ɗauka kullum, kuma da yamma yake biya.

Sai kunne. Ki tsaya bayansa inda ba ya ganin bakinki, ki ce a hankali, "Zo ka karɓi alawa." In sau da yawa ba ya waiwayowa, a kai shi a auna jinsa, musamman in ya taɓa yin sanƙarau ko kunnensa na yawan zubar da ruwa. Yara da yawa sun sha duka a kan "kunnen ƙashi" alhali kunnen ne ba ya ji. Haka zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda ya kai yaro ga jijjiga ko suma, yakan bar canjin hali bayan an warke.

Ki buɗe fatar idonsa ta ƙasa, ki duba tafin hannunsa. In sun yi fari fat, ko yana cin ƙasa, a gwada jininsa. Ƙarancin jini na sa yaro ƙunci da saurin kuka, kuma yana da alaƙa da shiɗewa, wato yaro ya yi kuka har numfashinsa ya ɗauke ya yi laƙwas. In ya shiɗe, ki kwantar da shi ta gefe, kada ki sheƙa masa ruwa, kada ki cusa masa cokali a baki. Yawanci cikin minti guda yake dawowa. Amma karon farko likita ya gan shi, don a bambance da farfaɗiya.

Akwai kuma gubar dalma. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Kaɗan daga cikinta, wanda bai kai ya kwantar da yaro ba, ya isa ya taɓa natsuwarsa da fahimtarsa. In kuna kusa da masu haƙar ma'adinai ko masu fasa tsofaffin batura, ki faɗa wa likita. Kwallin dutse da muke rambaɗa wa jarirai ma sau da yawa akwai dalma a cikinsa, gara a bar shi.

Mataki na 2: Littafi da biro, kwana 7

Wannan ne matakin da mutane ke rainawa, shi ne kuma ya buɗe mini ido. Ki sami ɗan littafi, ki ja layi ki raba shafi gida huɗu: ƙarfe nawa, me ya faru kafin rigimar, me yaron ya yi, me muka yi masa. Kada ki canza komai a wannan makon, rubutu kawai.

Da na zauna da nawa littafin ranar Juma'a, sai na ga abin da ke gabana kullum ban lura ba. Yaron nan tun abincin ƙarfe 1 ba ya sake sa komai a ciki, ba ya barcin rana, ya tafi Islamiyya ya zauna awa 2 ana ce masa ya yi shiru, ya dawo ya tarar da ni a bakin murhu ba ni da lokacin kowa. Kofin kunu dai tsautsayi ne ya faɗa masa. Na koma ina tarar sa a bakin ƙofa da ayaba ko ɗan ɗumame, in zauna da shi ya ci kafin a ce masa cire wannan, ajiye wancan. Wannan kaɗai ya rage abin sosai.

Gida na huɗu ya fi ciwo. A nan na ga duk ranar da ya yi birgima mai ƙarfi, ƙarshenta wani ya miƙa masa waya don a samu lafiya. Mu da kanmu muka sanar da shi kuɗin waya: birgimar minti 10. Tunda zancen waya ya zo, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a ba wanda bai kai shekara 2 ba kallon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini.

Ki kuma tambayi kanki yaushe abin ya fara. Yaye, musamman irin wanda ake ɗauke yaro dare ɗaya a kai shi gidan kaka; sabon jariri da ya ƙwace baya da cinya; mutuwar aure; rasuwa; ko barin gari cikin dare saboda 'yan bindiga. Yaron da ya ga irin waɗannan yakan koma fitsarin kwance, ya riƙa manne wa uwa, ya riƙa firgita cikin barci. Wannan baƙin ciki ne da tsoro, lallashi da tabbatar masa kina nan ya fi buƙata kafin kowace doka.

Mataki na 3: Minti 10 nasa shi kaɗai

Yaro mai rigima, in kika lissafa, daga safe zuwa dare abin da yake ji daga bakinki "bari", "sauka", "zan ci ƙaniyarka". In ya zauna shiru ba mai kallonsa, kowa na ajiyar zuciya. To ya gane hanya ɗaya ce ke jawo ki wurinsa da gudu.

Ki ware minti 10 kullum, lokaci guda, misali bayan sallar la'asar ko bayan wankan safe. Ki ajiye waya, ki ba wani goyon, ki zauna ƙasa. Shi zai zaɓi wasan: motar gwangwani, tuwon ƙasa, jera marafan kwalba. A cikin mintocin nan ba umarni, ba gyara, ba "wannan wace kala ce?" Aikinki ki bi shi, kina faɗin abin da kika ga yana yi: "Ka ɗora ja a kan shuɗi. Iye, motar ta hau gada." Da farko za ki ji kamar taɓaɓɓiya. Ki daure. Kuma ko ya yi laifi da safe, kada ki soke wannan zama a matsayin horo.

Ga masu kunyar ɗan fari, waɗanda ko sunansa ba sa kamawa: ba sai a tsakar gida ba. A shiga ɗaki a saki labule. Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, ya kuma sumbaci Hasan a gaban wani babban mutum da ya ce 'ya'yansa 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, ya amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa.

Mataki na 4: Kama shi yana abin kirki

Mun taso ana cewa ba a yabon yaro a gabansa, kansa zai kumbura. Abin da ke kumbura kai shi ne "kai ne sarkin yara". Yabon aiki daban ne: "Na ga ka ba ƙanwarka ta taɓa motarka, ka kyauta." "Sau ɗaya na kira ka ka zo, Allah ya yi maka albarka." A faɗa nan take, a haɗa da shafa kai. Kada a lalata shi da wutsiya irin "da haka kake kullum ai da mun huta". Ki sa a ranki yabo ya rinjayi faɗa a kowace rana, ko da sai kin yi tonon abin yabon.

Mataki na 5: Gyara yadda kike ba da umarni

Umarnin da aka jefo daga kicin, ta bayan ƙarar turmi, bai iso ba. Ki je inda yake, ki durƙusa idonki ya yi daidai da nasa, ki kira sunansa, ki faɗi abu ɗaya tak. Ki faɗi abin da zai yi maimakon wanda zai bari: "Sauko ka zauna a tabarma" ya fi "daina hauka". Sai ki yi shiru ki ƙirga 5 a zuci. Ya yi, ki yaba. Bai yi ba, ki maimaita sau ɗaya tare da abin da zai biyo baya: "In ba ka ajiye sandar ba, zan ɗauke ta sai gobe." Sannan ki cika. Abin da kika san ba za ki aikata ba, kada ya fito daga bakinki.

Dabaru biyu na rage gardama. Sanarwa kafin a katse masa wasa: "In an kira salla za mu yi wanka." Da kuma zaɓi tsakanin abu biyu da duk kin yarda da su: "Jar riga ko fara?"

Dokokin gida kada su wuce 3 a farko. Namu su ne: ba duka ba cizo, ba jifa da abinci, ba fita waje sai da babba. Sauran ƙananan abubuwa na kau da kai, don in komai laifi ne, yaro ba ya gane wanne ne babba.

A daina tsorata shi da dodo, da ɗan sanda, da "zan kai ka a yi maka allura". Ranar da allurar gaske ta kama, ke za ki sha wahala.

Mataki na 6: In guguwar ta taso

Ki fara da kanki. In kin ji jininki ya hau, ki nemi tsari daga Shaiɗan, in kina tsaye ki zauna, kamar yadda hadisi ya koyar. Muryarki ta yi ƙasa, maganarki ta yi kaɗan. Yaron da ke tsakiyar ihu ba ya fahimtar wa'azi.

Ki janye abin da zai ji masa ciwo: murhu, ruwan zafi, wuƙa. In yana buga kai, ki sa matashi ko ki mayar da shi kan katifa. Ki sallami 'yan kallo, don yaran gida masu dariya da manya masu "kai, wannan yaro!" fetur suke ƙarawa.

Daga nan ki karanci irin rigimar. Akwai ta neman abu: yana kuka yana satar kallonki, in kin matsa ya biyo ki ya sake zubewa. Wannan ki faɗa sau ɗaya, "Ba za a ba da waya ba. In ka yi shiru ina nan," ki ci gaba da tsintar shinkafarki a kusa, ba kallo, ba magana. Da zarar ya sassauta, ko na ɗan lokaci ne, ki juyo gare shi da fara'a. Akwai kuma wadda abin ya fi ƙarfinsa: gajiya, tsoro, hayaniyar biki, jikinsa na rawa, ba ya ma ganinki. Wannan ba a share shi. A ɗauke shi zuwa wuri mai shiru, a rungume shi in ya yarda, ko a goya shi, in bai yarda ba a zauna kusa.

Ga gargaɗin da na so a ce an yi mini: ranar da kika daina biyan kuɗin birgima, abin zai ƙaru kafin ya ragu. Mu kwana na 2 da na 3 sun fi kowane muni, har na ce na ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Yana gwadawa ne ko an ƙara farashi. In kika sallama a minti na 20, kin koya masa ya riƙa kaiwa 20. In kin san yau ba ki da ƙarfin jurewa, gara ki ba shi tun bai fara ba.

Mataki na 7: Horon yaro mai duka da cizo

In ya doki wani ko ya yi cizo, ba dogon bayani. "Ba a duka. Zo ka zauna." Ki kai shi wani wuri da kika tanada, ƙaramar tabarma a gefen tsakar gida inda kike ganinsa, ba wasa ba hira. Minti 1 ga kowace shekara: ɗan shekara 4, minti 4. In ya tashi, ki mayar da shi ba tare da surutu ba, ko sau 10 ne. Ranar farko na mayar da nawa har na daina ƙirgawa, tuwona ya kama. Kada ya zama ɗaki mai duhu, kada a kulle ƙofa, kada a sa shi kamun kunne ko tsallen kwaɗo. Lokaci ya cika, magana ta wuce, ki nemi abin yabo na farko ki yaba. Wanda aka cija kuwa shi za a fara rarrashi, a gaban mai cizon.

Na san za a ce ka ƙi naka duniya ta so shi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne. Amma mai tanƙwara icce lanƙwasa shi yake a hankali yana ɗaurewa, in ya fizga karyewa yake. Bulala na sayo shirun minti 10, sannan ta koya wa yaro cewa wanda ya fi ƙarfi shi ke duka, sai ya juya kan ƙaninsa. Binciken masana da yawa ya nuna yaran da ake yawan duka sun fi zama mafaɗata. Hadisin da ake kafa hujja da shi a kan salla ma shekara 10 ya ambata, bai ce 3 ko 4 ba. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ce ko "tir" bai taɓa ce masa ba.

In kin kasa daurewa wata rana kin kai masa hannu, bayan kin huce ki ce, "Ɗazu na yi fushi na mare ka, ban kyauta ba." Girmanki ba ya zubewa, shi kuma ya ga yadda ake ba da haƙuri.

Bayan ya huce sarai, ki ba abin da ya ji suna: "Ka ji haushi da aka karɓe ƙwallon ko? In ka ji haushi ka zo ka ce, Umma, na ji haushi." Ku gwada hura iska tare kamar ana fifita koko mai zafi. Ranar da ya zo ya faɗa da baki maimakon haƙori, ki bar abin da kike yi ki saurare shi.

Mataki na 8: Gidan ya zama baki ɗaya

A gidan yawa nan ne aikin yake. Kin hana, kaka ta bayar. Kin sa shi zama, abokiyar zama ta ɗauke shi don a ce ta fi ki tausayi. Maigida ya dawo da dare ya zare belt a kan laifin safe wanda yaro ya manta. Ki zaɓi lokacin da ba rigima, ki sami surukarki da ladabi: "Hajiya, don Allah alfarma nake nema. In ya fara kukan waya a ƙyale shi, in ya yi shiru sai ya zo wurinki ki ba shi tatsuniya. Ke ya fi jin maganarki." Kin ba ta matsayi, ba ki ƙwace mata jika ba. Maigida kuma ya karɓi zaman minti 10 ko da ranakun hutu ne, kuma kada ku saɓa wa juna a gaban yaro. Malamin makaranta da na Islamiyya su ma a gaya musu abin da ake yi a gida, a roƙi a zaunar da shi gaba, a riƙa aikensa share allo ko raba littattafai in zama ya gundure shi.

Ki ba tsarin mako 6 zuwa 8 kina ci gaba da rubutu a littafin, don ido na mantuwa, sai kin duba shafin farko za ki ga an yi nisa.

Mataki na 9: Lokacin zuwa asibiti

Kada ki jira makonnin nan in kin ga ɗaya daga cikin waɗannan: ya kai wata 16 ba kalma ko ɗaya, ko shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, maganar da ya iya ta ɓace, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya haɗa ido, ba ya nuna abu da yatsa, yana maimaita motsi ɗaya, ƙaramin canji na haukata shi. Waɗannan na iya zama alamun otizim, wanda wasu ke kira galahanga. Ko kuma ba ya iya zama ko kaɗan, yana faɗa wa haɗari ba tunani, a gida da makaranta duka, sama da wata 6. Likita zai duba ko lalurar ƙarancin natsuwa ce da ake kira ADHD, wadda a 'yan shekara 4 zuwa 5 da horar da iyaye ake fara magance ta kafin a yi zancen ƙwaya. Haka in yana ƙurawa wuri ɗaya ido ya ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi, ko yana cutar da dabbobi da gangan. In kuma kwatsam ya fara tsoron wani mutum, ko yana wasan da ya shafi al'aura wanda ya girmi shekarunsa, ki raba shi da mutumin, ki saurare shi ba tsawa, ki kai shi a duba a ranar.

Ki fara da sashen yara na babban asibitin da ke kusa. Su za su tura ki gaba in da buƙata, zuwa irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri. Addu'a da tofi ki ci gaba da abinki, ba sa hana ganin likita. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne a ɗaure yaro, a turara shi da hayaƙi mai shaƙewa, ko a doke shi da sunan fitar da aljani. Kada kuma ki saya masa maganin mura ko na tari a kemis don ya yi barci ki huta.

Ranar zuwa, ki riƙe littafin nan naki, da katin rigakafinsa, da duk maganin da yake sha har na gargajiya, da 'yar takarda daga malaminsa in yana makaranta. Ki kuma sa wani ya ɗauki bidiyon rigimar a waya, ko na minti 1 ne, ba tare da yaron ya lura ba, don yaran nan da sun shiga ofishin likita sai su naɗe hannu su zama salihai, kamar ba su ne suka hana unguwa sakat jiya ba.